A daina kiran cinikin siyasa mubaya'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi gyara a kan wata kalma da muka ga tana neman lalacewa a hannun 'yan jarida, wato mubaya'a. Da an shiga kakar siyasa sai kanun labarai su koma iri ɗaya: ciyamomi sun yi wa wane mubaya'a, ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi wa wane mubaya'a, wanda ya sha kaye a zaɓen fitar da gwani ya je gidan wanda ya kayar da shi ya yi mubaya'a. In ka shiga cikin labarin sai ka tarar goyon baya ne, ko sauya sheƙa, ko kuma an tara mutane a ɗaki an rufe ƙofa an sa kowa ya dafa Alƙur'ani. Na ƙarshen nan shi ya fi damunmu. Wasu sun ɗauka ya ɗaure su kamar yadda mubaya'a take ɗaure mutum, wasu kuma sun ɗauka wasa ne da ba shi da hukunci, duka biyun kuwa sun yi kuskure.

Daga Saudiyya muke rubutowa, ƙasar da mubaya'a take rubuce a cikin doka, don haka bari mu fara da yadda ake yin ta a nan. Dokar tsarin mulkin da Sarki Fahad ya fitar a 1992 ta ce, a sashe na 6, 'yan ƙasa suna yi wa sarki mubaya'a a kan Littafin Allah da Sunnar Manzonsa, da kuma ji da biyayya a cikin tsanani da sauƙi, a abin da rai ke so da wanda yake ƙi. Duk wanda ya karanta wannan lafazi zai ga babu "wallahi" a cikinsa. Mubaya'a ƙulla alƙawari ce. Tushen kalmar ɗaya ne da na ciniki a Larabci, shi ya sa ake yin ta da musafaha, kamar yadda mai saye da mai sayarwa suke haɗa hannu in ciniki ya faɗa. Kuma tun da ciniki ne, ɓangare biyu gare ta: sharaɗin Littafi da Sunna yana hawa wuyan mai karɓa tun kafin biyayya ta hau wuyan mai bayarwa.

Sarki Abdullah ya rasu ranar Juma'a, 23 ga Janairu 2015. Sashe na 5 ya riga ya tanadi cewa yarima mai jiran gado ne ke riƙe ikon sarki daga lokacin rasuwa har a kammala mubaya'a, don kada ƙasa ta zauna ko na sa'a ɗaya ba mai ita. An yi jana'iza bayan La'asar a masallacin Imam Turki bin Abdullah da ke Riyad, bayan Isha'i kuma aka buɗe fadar Ƙasrul Hukum, 'ya'yan sarauta da malamai da manyan ma'aikata da jama'ar gari suka riƙa shiga suna yi wa Sarki Salman mubaya'a. Wanda yake Tabuka ko Jizan ba a ce ya taho Riyad ba, gwamnonin larduna 13 su suka karɓa a madadin sarki. Wanda kuma ya yi zamansa a gida, ita ma ta hau kansa, domin a wurin malamai in masu ƙullawa da kwancewa suka ƙulla, to ta game kowa.

Su wane ne masu ƙullawar? A 2006 Sarki Abdullah ya kafa Majalisar Mubaya'a, wadda ta ƙunshi 'ya'yan Sarki Abdul'aziz da ke raye, da jika guda daga gidan kowane ɗa da ya rasu ko ya gaza. Kusan masu zaɓen sarki ke nan a wurinmu, sai dai su nasu aikin a rubuce yake dalla-dalla. Sarki yana kawo sunan mutum ɗaya, ko biyu, ko uku a matsayin mai jiran gado. In majalisa ba ta yarda da ko ɗaya ba ta kawo nata, in sarki bai yarda da nata ba a jefa ƙuri'a tsakanin nata da nasa. Kwana 30 aka ba su daga ranar da aka yi wa sabon sarki mubaya'a. In rashin lafiya ya hana sarki aiki, kwamitin likitoci ne zai rubuta rahoto kafin a taɓa ikonsa. In sarki da mai jiran gado suka rasu lokaci ɗaya, mutum biyar daga majalisar su riƙe ƙasa, ba su da ikon taɓa dokar tsarin mulki, kuma cikin kwana 7 a zaɓi wani. Lokacin da aka naɗa Muhammad bin Salman mai jiran gado, ranar 26 ga Ramadan 1438, wato 21 ga Yuni 2017, sanarwar fada ta ce mutum 31 cikin 34 na majalisar suka amince, kuma a nan Makka aka yi mubaya'ar, a fadar Safa, bayan Tarawihi. Kowa yana iya samun ra'ayinsa a kan sarautar gado. Abin da muke nunawa shi ne akwai wanda doka ta ba ikon ƙullawa, akwai lafazi sananne, kuma a bainar jama'a ake yi. Ana ma iya kwance ta ta hanyar da aka ƙulla ta: a 1964 manyan gidan sarauta da malamai suka sauke Sarki Sa'ud suka yi wa Faisal mubaya'a.

In aka tsallake masu ƙullawa, abin da ke biyowa baya mutanen Makka sun gan shi da idonsu. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, bayan sallar Asuba, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka rufe ƙofofin Harami suka nemi a yi wa surukinsa mubaya'a a matsayin Mahadi a gaban Ka'aba, tsakanin Rukuni da Maƙamu Ibrahim. Mako biyu ana ɓarin wuta a ɗakin Allah, a Janairu 1980 aka zartar wa mutum 63 hukuncin kisa. A gida ma, Abubakar Shekau ya aika da mubaya'arsa ga Bagadadi, shugaban ƙungiyar IS na lokacin, a Maris 2015, mutumin da bai taɓa gani ba kuma ba ya iko da ko taku ɗaya na ƙasar Borno. Kafin ƙarshen 2016 waɗanda ya yi wa mubaya'ar sun naɗa wani a kansa, a 2021 kuma a hannun rikicinsu ya mutu. Kalmar da ta ɗauki irin wannan nauyi ba ta dace da kanun labarin ɗan takarar kansila ba.

Hausawan da ke nan kashi biyu ne, kuma wannan bambanci yana da amfani ga masu zuwa aiki ko karatu. Akwai 'yan ƙasa, masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi, waɗanda sashe na 6 ya shafa. Akwai masu zama da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, su kuwa babu mubaya'a a kansu. Nasu sashe na 41 ne, wanda ya ce mazauna su kiyaye dokokin ƙasar, su mutunta al'adunta. Abin da ya fi kama baƙo a nan shi ne ta'ahhudi, takardar alƙawarin da ake sa mutum ya sa wa hannu ko ya dangwala yatsa a ofis ko a wurin 'yan sanda. Ba rantsuwa ba ce, ba ta da kaffara, amma hujja ce a kan wanda ya sa hannu. Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen tsaya wa ɗan'uwa. Tsayawa iri biyu ce: akwai ta halartarwa, inda ka ɗauki nauyin kawo mutum duk ranar da aka neme shi, akwai ta biya, inda bashinsa ya zama naka in ya gaza. Kalma ɗaya ce ta raba su a takarda. Wanda bai iya Larabci ba ya nemi a karanta masa, ya tambaya wace iri ce, ya ɗauki hoton takardar kafin ya bar wurin.

Rantsuwar kama aiki wani abu ne daban. Minista a Saudiyya ba ya fara aiki sai ya tsaya gaban sarki ya ce ya rantse da Allah Mai girma zai kasance mai gaskiya ga addininsa, sannan ga sarkinsa da ƙasarsa, ba zai fitar da wani sirri na gwamnati ba, zai kiyaye maslahohinta da dokokinta, zai yi aikinsa da gaskiya da amana da ikhlasi. 'Yan Majalisar Shura su 150 suna faɗin haka su ƙara da adalci. Wannan "sannan" da aka sa tsakanin addini da sarki ba ado ba ce, ita ke nuna wanda za a bi in biyun suka saɓa.

Ta Najeriya ta ma fi wannan nisa da biyayya ga wani mutum. Tana cikin jadawali na 7 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma rantsuwa biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko ta biyayya ce, mai rantsuwa ya ce zai kasance mai gaskiya da biyayya ga Jamhuriyar Tarayyar Najeriya, zai kiyaye kundin tsarin mulki ya kare shi. Babu sunan shugaban ƙasa a ciki, babu jam'iyya, babu ubangida. Ta biyu ta muƙami ce, a cikinta ne yake cewa ba zai bari son zuciyarsa ya shiga aikinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka ba tsoro ba son kai, ba ƙauna ba ƙiyayya. Kafin duka biyun sai ya bayyana kadarorinsa. Shugaban ƙasa Babban Jojin Ƙasa ne ke rantsar da shi, a sashe na 140. Gwamna kuwa, sashe na 185 ya ba Babban Jojin jiha, ko Girandi Kadi, ko shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada. Wanda bai yi ba ba shi da ikon sa hannu a komai ko da ya lashe zaɓe da ƙuri'a miliyan.

Har ranar da aka sha ta tana da hukunci, domin daga ita ake ƙirga shekara huɗun gwamna. Peter Obi ya sha rantsuwa a Anambra ranar 17 ga Maris 2006 bayan doguwar shari'a. Da aka yi zaɓen 2007 aka rantsar da Andy Uba, sai Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Obi bai cika ba, Uba ya sauka bayan kwana 17. Ta ɗaya gefen kuma, gwamnoni biyar da aka soke zaɓensu, suka sake lashewa, suka sake shan rantsuwa a 2008, cikinsu har da Aliyu Wamakko na Sakkwato da Murtala Nyako na Adamawa, sun so a ƙirga musu daga ta biyun. Ranar 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce daga ta 29 ga Mayu 2007 ake ƙirgawa, suka sauka a ranar.

To yanzu a ɗauko rantsuwar ɗaki a ajiye ta kusa da wannan. Mutum ya rantse wa ubangida da daddare cewa ba zai saɓa masa ba, da safe ya tsaya a fili ya rantse ba zai fifita kowa ba. Dole ya karya ɗaya, kuma tun kafin ya buɗe baki ya san haka. Anambra ce dai ta nuna ƙarshen wannan hanya. Chris Ngige ya sha rantsuwar gwamna a 29 ga Mayu 2003, ranar 10 ga Yuli 'yan sanda suka tsare shi, aka fito da takardar murabus da aka ce ya sa wa hannu, daga baya maganar rantsuwar biyayya ga ubangidansa a wurin tsafi na Okija ta cika ƙasa. Mutanenmu suka yi ta dariya suna cewa abin 'yan kudu ne. Amma wanda ya rufe ɗaki ya ajiye Alƙur'ani kusa da jakar kuɗi, abu ɗaya yake nema da wanda ya tafi Okija, ya dai canza abin da za a tsorata mutane da shi ne. Hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in ba a ba shi ba ya warware. Wannan fa wanda ya yi wa shugaba na gaskiya ke nan.

Tun da abin yana faruwa, wakilan da aka rantsar suna da buƙatar sanin hukuncin abin da suka faɗa, kuma a nan ne muka fi jin kurakurai. Abin da ke ƙulla rantsuwa lafazi ne: sunan Allah ko sifarsa, kamar wallahi, billahi, tallahi. Dafa Alƙur'ani ƙarin tsoratarwa ne. Saboda haka dabarun nan da ake koya wa juna, wai kada ka yi alwala, wai ka sa yatsa a kan bango kawai, wai ka riƙe wata niyya daban a zuci, babu wadda take fitar da mutum. Hadisin Muslim ya ce rantsuwa tana kan niyyar mai rantsarwa. Wanda kuma ya karɓi kuɗi da hannunsa ba zai ce tilasta shi aka yi ba. Tilas ita ce tsoron kisa, ko duka, ko ɗauri. Kwaɗayi ba ya cikinta, kowa ya ci ladan kuturu ya san askin da ke jiransa.

In wanda aka rantse za a zaɓa shi ne wakili yake ganin ya fi cancanta a tsakaninsa da Allah, ya cika. In ya san ba haka ba ne, ƙuri'arsa shaida ce kuma amanar waɗanda suka turo shi ce, don haka ya karya rantsuwar ya yi kaffara, ya mayar da kuɗin. Risala, wadda kowane almajiri ya karanta, ta faɗa a sarari: wanda ya rantse da Allah zai yi saɓo ya yi kaffara kada ya aikata. Kaffarar tana aya ta 89 a Suratul Ma'ida. A ciyar da miskinai goma, ko a tufatar da su, ko a 'yanta baiwa ko bawa. Azumin kwana uku na wanda bai sami ikon waɗannan ba ne. Mutumin da ya dawo daga zaɓen fitar da gwani da sabuwar mota ya ce zai yi azumi uku, bai yi komai ba. A Malikiyya kowane miskini mudun Annabi guda, wato cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba mudun kasuwa ba, ba tiya ba, kuma an so a ƙara sulusi ko rabi. Fatawar da aka fi bi a nan Saudiyya ta ɗaga shi zuwa rabin sa'i, kimanin kilo ɗaya da rabi na shinkafa, wato kilo 15 ga mutum goma. Adadin goman nan sharaɗi ne, ba a juye wa gida ɗaya buhu a ce an gama sai in mabuƙatan gidan sun kai goma. In tufa ce, namiji riga, mace riga da mayafi. Ba da kuɗi a madadin abinci Hanafiyya ne suka yarda da shi, sauran ba su yarda ba.

Akwai rantsuwa ta biyu wadda ita ce mai hallakarwa, kuma ba a cika maganarta ba. Bayan an ƙirga ƙuri'u, ɗan takara ya ga ya biya mutum ɗari ya sami talatin, sai ya sake tara su a sake dafawa, kowa ya rantse shi ya zaɓa. Wanda ya rantse a nan yana ƙarya ya yi gamusa, mai dulmiya mai ita a cikin zunubi. Ta farko a kan abin da zai zo ce, tana da mafita. Wannan a kan abin da ya wuce ce, kuma a wurin Malikiyya da Hanafiyya da Hambaliyya ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. Gara mutum ya ƙi rantsewa ya sha zagi.

Mafi muni shi ne inda ake haɗawa da aure, a ce in na saɓa maka matata ta saku. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu mulki. Tun zamanin Hajjaju bin Yusuf, gwamnan Iraƙi a daular Umawiyawa, aka fara cusa saki da 'yanta bayi a cikin rantsuwar mubaya'a, don kada wanda aka tilasta ya sami hanyar fita. Imam Malik a Madina ya riƙa faɗin cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne, mutane suka fahimci cewa mubaya'ar dole ma haka take, gwamnan Madina na lokacin halifa Abu Ja'afar Mansur ya sa aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Abin mamaki, wannan Mansur ɗin shi ya gina Masallacin Mubaya'a da ke kusa da Jamratul Aƙaba a 144 bayan hijira, a wurin da maza 73 da mata biyu na Madina suka yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mubaya'a da son ransu bayan an gaya musu abin da za ta jawo musu. Alhazai suna wuce shi kowace shekara. Amma kada wani ya fake da Imam Malik: shi a kan mai tilas ya yi magana. Wanda ya rantse da saki da zaɓinsa, Malikiyya sun ce a ladabtar da shi kuma sakin ya hau kansa in ya karya. Dokar iyali ta Saudiyya ta 2022 ta ɗauki wani ra'ayi, ta ce irin wannan ba ya aukuwa sai in ya nufi sakin da gaske. Wanda aurensa yake gaban alƙalin Kano ko Gusau kada ya dogara da dokar Riyad.

Kotu ma da take da ikon rantsar da mutane ba ta yi yadda ta ga dama. A dokar hujjoji da ta fara aiki a nan a 2022, mai ƙara da ya rasa shaida yana iya neman a rantsar da wanda yake ƙara. Alƙali ne ke tsara lafazin, a kan abin da ake jayayya kawai, kuma a zaman kotu. Wanda aka nema yana da hanya uku: ya rantse a yanke masa, ya mayar wa mai ƙara rantsuwar, ko ya ƙi, a gargaɗe shi sannan a yanke a kansa. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne gaggawar cewa "ya rantse kawai" alhali suna da takarda ko shaida da ba su kawo ba, domin neman rantsuwar a wannan hali zubar da shaidar ne. Haka nan mu'amalar da ta haura riyal 100,000 a rubuce ake tabbatar da ita, shaidar baki ba ta isa. A Risala ma an ƙayyade lafazi, "da Allah wanda babu abin bauta sai Shi", an ƙayyade cewa a tsaye ake yi, kuma ba a kai mutum masallaci don tsananta rantsuwa sai abin ya kai rubu'in dinari. In alƙali da kansa an yi masa wannan iyaka, wa ya ba ɗan takara ikon rantsar da mutane a ɗakin otal?

Tarihinmu ma bai san wannan ba. A Gudu, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su yi masa mubaya'a ba sai da suka yi hijira daga Degel suka fita daga ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa, suka zama ba su da shugaba. Malam Abdullahi ya fara miƙa hannu, sannan Muhammadu Bello, a fili a gaban kowa. Shekara 99 bayan haka Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi miƙa wuya ya kama hanyar gabas, aka kashe shi a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a Sudan, wasu suka ƙetaro har nan Hijaz. Sarakunan da suka zauna kuwa, rantsuwar da Gwamna Lugga ya tsara musu a kan Alƙur'ani ta ce za su bi Sarkin Ingila da dokokin gwamnati muddin ba su saɓa wa addininsu ba, in sun saɓa su sanar da Razdan nan take. Mai mulkin mallaka ke nan, da bindiga a hannunsa, ya bar wa wanda ya ci da yaƙi ƙofar fita. Rantsuwar ubangidan siyasa ba ta da ko wannan.

Kuma dafa Littafi shi kaɗai bai taɓa tsare kujera ko kundin mulki ba. A Nijar, inda a lokacin shugaban ƙasa a kan littafin addininsa yake rantsuwa, Tandja Mamadou ya dafa Alƙur'ani a kan kundin da ya ba shi wa'adi biyu, amma a 2009 ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don tazarce, sojoji suka kawar da shi a 18 ga Fabrairu 2010. A Sudan Shugaba Numeiri ya sa aka yi masa mubaya'a a 1984, bai kai ƙarshen Afrilun 1985 a kan mulki ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, ƙarami ne. In ƙungiya ta bi ɗan takara a rubuta ta mara masa baya. In ɗan siyasa ya bar jam'iyya a rubuta ya sauya sheƙa. In hakimi ya je gaban sabon sarki, Hausa tana da caffa, tana kuma da mubaya'a a nan inda ta dace. In wakilinku ya sami labarin an rufe mutane an rantsar da su, ya rubuta haka, ya nemo lafazin da aka sa su faɗa, ya faɗi ko an haɗa da saki. Sannan duk ranar da za a rantsar da gwamna ko ciyaman, tun da da Turanci ake karantawa kuma galibin waɗanda suka cika filin ba sa jin abin da ake cewa, ku buga rantsuwar biyu cikakku da Hausa a shafin farko, da kwanan wata, da sunan alƙalin da ya rantsar. Gaba ɗayansu ba su cika rabin shafi ba.

Wassalam.

Mu ne naku,
Wasu masu karantarwa da masu tafinta,
daga Makka da Jidda.